Wanda Ya Nuna Fadamar Baffa Salmanu

New Bell, Douala
Lahadi, 15 ga Satumba, 2024

Zuwa ga ƙanena Abdulganiyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fauziya da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin Kanada da kuka zaɓar wa kanku, ya sa albarka a nemanku, ya raya mana Ikhlas da Bilya a kan tafarkin addini. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina dai tana nan yadda ka bar ta, ba ta sauya hali don ka tafi ba. Sau biyu ruwa ya shigo mana tsakar gida a watan jiya, na biyun har ya taɓa ƙafar gadon Mama, dole muka kai ta unguwar Makèpè gidan 'yar'uwarmu Latifa. Kwana huɗu ta yi ta ce a mayar da ita, wai unguwar da ba a jin kiran salla sai an kasa kunne ba wurin zamanta ba ce. Ciwon gwiwarta ya yi sauƙi. Kasuwa kuma ba yabo ba fallasa, atamfa tana tafiya a hankali, muna jiran lokacin bukukuwa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da na manta rabon da in cika shafi guda. A waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen magana, da zarar na ɗauko zancen gida sai ka ce kana cikin jirgin ƙasa ko za ka shiga taro. Ban da haka, mutumin da zan yi maganarsa yana zaune a zauren gidan nan, kuma kunnensa ya fi nawa ji. Baffa Salmanu ya zo, yau kwanansa goma sha biyu. Kwana uku ya yi a hanya daga ƙauye, mota zuwa Garoua, wata motar zuwa Ngaoundéré, jirgi zuwa Yaoundé, sannan bas. Da ya sauko ban gane shi ba sai da ya yi magana, don muryar mahaifinmu Alhaji ce sak. Ya rame, tari ya kama shi, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ranar da ya iso aka yi ruwan nan namu mai kamar ana juye ganga, ya fito ya tsaya a ƙarƙashin kwano yana kallon yadda yake gudu a rigol, wato lambatun ƙofar gida. Ya tambaye ni ina yake zuwa, na ce kogin Wouri, daga nan teku. Ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya ce bai taɓa ganin garin da ake zubar da arziki haka ba. Na yi dariyar yaƙe na shige ciki, don na san abin da ya kawo shi.

Ka tuna ranar da takardar kamfanin haƙar kwal ta iso mana? Ni ban manta ba, don a cikin ruwa nake tsaye har idon sawu. Shekara bakwai ke nan, watan Agusta, Alhaji bai cika wata biyu da rasuwa ba. Baffa ya zo ta'aziyya ya koma tun tuni saboda noma. Gonakin nan biyu na ƙauye, tudu da fadama, sunan Alhaji ne a kansu, shi ya saye su tun yana fataucin goro ya bar wa ƙanensa yana nomawa, shekara arba'in ba wanda ya ce masa kawo, shi ne ma yake aiko mana da albasa da mazarƙwaila. Da Alhaji ya rasu sai suka zama namu a takarda, shi ya sa kamfani ya rubuto mana, bai rubuta wa mai noman ba. Suka ce ɗaya suke so, aron shekara bakwai, mu zaɓa. In tudu muka bayar, su zuba tarin ƙasar da suke haƙowa a kai. In fadama ce, su yi tafkin tara ruwan ma'adini. Har sun rubuta cewa in mun hana fadama akwai wani kwazazzabo can ƙasa da ba mai nomansa, sai dai ya fi musu nisa.

Ka shimfiɗa taswirar a kan teburin guga, katifu suna jingine da bango suna ɗiga. Kai ne mai karatun awon ƙasa, kai ka san ma'anar layukan nan masu lanƙwasa. Ka sa yatsa a kan fadama ka ce wannan ai marekaj ce, wato kwari mai taɓo, nan ne wuri mafi ƙasa, duk ruwan yankin nan yake ƙarewa, kuma ba mai hankalin da zai riƙe marekaj ya ba da tudu. Ka ce in dubi yadda ake rububin filayen tudun Kotto, in dubi namu gidan da muke kwashe ruwa da bokiti. Ni kuwa, don kada ka ce na wanke kaina, ni ce na ce a ba su kwarin su je su yi ta fama da sauro. Har dariya muka yi. Ka sa hannu, na sa nawa a matsayin shaida, ka tura musu ta kwamfuta kafin azahar. Mama tana ɗaki tana takaba, ka ce kada a ɗora mata wani nauyi, na ce gaskiya ne. Bango ɗaya ne tsakaninmu da matar da aka haifa a bakin fadamar nan, ba wanda ya ɗaga labule ya tambaye ta. Baffa kuwa muka ce layin ƙauye ba ya shiga, alhali ko gwadawa ba mu yi ba.

Na yi ta tunanin yadda aka yi mutum biyu masu hankali suka tafka wannan. Mu 'ya'yan New Bell ne, tun muna rarrafe aka koya mana cewa ruwa abokin gaba ne, wanda ke ƙasa shi ne abin tausayi, wanda ya hau tudu shi ya tsira. A baki mun san can gida ana wata bakwai ba a ga ɗigo ba, amma jikinmu bai sani ba. Muna alfahari da cewa mu mutanen can ne, ga Hausa a bakinmu, ga hula a kanku, alhali ko bambancin gonar damina da ta rani ba mu sani ba. Sai yanzu da nake da shekara hamsin da biyu Baffa ya zaunar da ni yana lissafa min abin da fadamar take bayarwa: rake, albasa, tumatir, gwaza, tun daga ɗaukewar ruwa har faɗuwar wani. Ya ce zurfin gaba guda da rabi kawai za ka haƙa ka tarar da ruwa mai sanyi a tsakiyar bazara. Tudun da muka riƙe kamar zinare kuwa marmara ce, gero take bayarwa sau ɗaya a shekara, shi ma in damina ta ga dama.

Bari in ba ka labarin abin da aka yi da ita, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Yadda ya yi min bayani, duk ruwan da ya sauka a ramin kwal da tarin ƙasar da ke gefensa baƙi yake gangarowa, da laka da garin kwal. Ba a yarda a sake shi cikin rafi haka nan ba, sai a haƙa magudanai a kewaye wurin a tattara shi a tafki ya kwanta, laka ta zauna a ƙasa, na saman ya fita ta wata ƙofa ta siminti. Dabarar da hankali, ban ce babu ba. Da suka zo sai suka fara kankare ƙasar sama, baƙar nan mai taushi, suka tara ta gefe guda, suka ce masa ajiya ce, ranar mayarwa za a shimfiɗa masa abarsa. Baffa ya ce kullum sai ya je ya duba tarin, har ciyawa ya fara dasa masa da hannunsa don kada ruwa ya ci shi, masu gadi suka kore shi. A damina ta uku tafkin ya cika da laka don ba a yashe shi ba, ruwa ya haura ganuwar ya ɓalle ta gefe. Da ƙasar Baffa aka toshe ɓarakar, don ita ce mafi kusa da katafila. Abin da ya rage kuma ruwa ya tafi da shi yana tsaye yana kallo.

Bana suka ce sun gama, za su mayar mana da gona. Suka zuƙe ruwan, lakar kuwa suka bar ta inda take, suka zuba jar ƙasa a kai, katafila ta bi ta danne kamar za a yi titi, aka watsa irin ciyawa, aka jera itatuwan turare. Hoton da suka aiko maka ke nan, wanda ka turo mana ka ce alhamdulillahi wuri ya yi kore shar, a sa hannu a karɓa. Ciyawa kam ta yi kyau a hoto. Baffa ya kai fartanya ta yi tsalle ta dawo, sai da diga ya fasa wurin. Kamu biyu a ƙasa ya tarar da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan da ya tsattsafo kuma launin tsatsa, ya ɗanɗana ya ji tsami har ya wuni yana tofar da yawu. Bai haƙura ba, ya yi fangali ɗaya ya dasa albasa don gwaji, cikin kwana tara ta ƙone. Magudanar simintin kuma tana nan ba su rushe ta ba, ta ɗauke ruwan da ya saba saukowa fadamar ta kai shi wani gefe. Ya ce ko da ƙasar Aljanna aka shimfiɗa a wurin, ba ruwan da zai zo mata.

Duk wannan da ciwo, amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Baffa bai san mu ne muka zaɓa ba. Ranar da katafila ta shiga ya kira ka yana kuka, ina zaune kusa da kai, ka ce masa ya yi haƙuri ƙarfi aka nuna, za ka bi kadi. Na ji ka, ban ƙaryata ka ba. Shekara ta zagayo ka hau jirgi ka tafi. Shi kuwa ya riga ya sami wanda zai ɗora wa. Ka san Malam Badamasi, amininsa tun suna kiwon awaki, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya. Shi mai gari ya tura ya nuna wa masu awo iyakoki, don shi ya san gonar kowa. Baffa ya hango shi a gabansu riƙe da turaku a bakin fadama, shi ke nan ya yanke hukunci. Shekara bakwai bai amsa masa sallama ba. Ya sauya masallaci, ya ƙi zuwa ɗaurin auren 'yarsa, mutanen gari kuma suka bi bayan Baffa, suna ce wa bawan Allah nan ɗan kamfani har yau.

Tun da ya zo, bayan kowace sallar la'asar sai ya zauna a kan darduma a bakin zaure ya ɗaga hannu. Ba ya ambaton suna. Cewa yake Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya nuna fadamar nan da yatsa, kada Allah ya ba shi jin daɗin ruwan da zai sha. Da ƙarfi yake faɗa, yadda mutanen ƙauye suke addu'a, har maƙwabta suna amsa masa da amin ta kan katanga. Mama tana ji daga ɗaki. Ta san gaskiya tun da ta fita takaba, ni na gaya mata, ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Yanzu ba ta iya cewa amin, ba ta kuma iya hana shi. Da la'asar ta gabato sai ka ga ta ture kwanon abinci. Shekaranjiya ta kira ni ta tambaye ni da ƙaramar murya, wai irin wannan addu'a sunan da ke zuciyar mai yi take bi, ko kuwa hannun da ya aikata. Na ce ta tambayi malam, ta ce da wane baki. Uwarka ke nan, Abdulganiyu, tana zaune tana jin ana kai ƙarar ɗanta wurin Allah sau ɗaya kowace rana.

Abin da ya kawo shi shi ne takardar karɓar gona, don kamfani ya ce magadan Alhaji ne za su sa hannu. Ya naɗe ta a leda uku, ya maƙale ta da fil a cikin rigarsa tun daga ƙauye. Ya zo ne ya roƙe mu kada mu sa hannu. Ya miƙo min ya ce in karanta masa duka. Ka san Ingilishina na kasuwa ne, amma ya ishe ni in gane shafi na huɗu. Kwafin takardar farko ce suka haɗo, ga akwatin fadama da ka yi wa alama, ga sa hannunka mai doguwar jelar nan da ka koya tun kana lise, makarantar sakandare, ga nawa a ƙarƙashinsa. Tsohon nan ya yi kwana uku yana ɗauke da ita a ƙirjinsa. Yana zaune a gabana yana kallon bakina, na lashi yatsa na juya shafi biyu a haɗe. Ya ce wancan fa, na ce hatimai ne kawai. Ido cikin ido na yi wa ƙanen ubana ƙarya, ya ce to, Allah ya yi min albarka.

Ranar Talata ina shago sai ga kira daga Najeriya. Mariam ce, 'yar Malam Badamasi, ta ce babanta yana son magana da ni. Ashe tun Babbar Salla ɓarin jikinsa ya shanye, asibiti sun sallame shi sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Da ƙyar nake gane maganarsa, harshen yana ja. Ya fara tambayata ko Salmanu ya iso lafiya, ya tarin nasa, ko mun kai shi wurin likita. Sannan ya ce ya ji labarin ya taho da takarda, yana roƙona don Allah kada in karanta masa shafin da ke da sunayenmu. Ya ce tun ranar farko ya sani, mai awo ne ya nuna masa a bakin gonar. Ya yi shiru ne don Salmanu ba shi da ɗa a raye, ba shi da kowa sai 'ya'yan wansa, kuma mutum yana iya rayuwa ba aboki amma ba ya iya rayuwa ba dangi. Abu ɗaya kawai ya nema, wai in lallashe shi ta kowace dabara ya tsaya a kan gawarsa in lokaci ya yi, ko da a sahun baya ne. Ina riƙe da almakashi, mai saye tana jira. Na yanka mata yadin a karkace, ta tafi tana zagina, ban ma ji haushinta ba.

Mutumin da ko hula ba mu taɓa aika masa ba shi ya ɗauki kayanmu shekara bakwai, mu muna nan muna barci lafiya, kai a Kanada ni a Douala. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Ina jin haushin yadda ka sa yatsa a taswira kamar kana zaɓen takalmi, da yadda ka iya mantawa. Amma haushin kaina ya fi, don ni ce babba, kuma ni ce nake kai wa Baffa ruwan alwala kullum ina sunkuyar da kai. Na yi niyyar saɓa wa roƙon Malam Badamasi, Allah ya yafe min. Ba za a binne shi da sunan da mu ya kamata a kira da shi ba, kuma ba da wayo zan kai Baffa kan gawarsa ba, da ƙafarsa zai je ya same shi da ransa in Allah ya yarda.

Takardar ban sa mata hannu ba, kai ma ba za ka sa ba. Wannan rigimar tana gaba: su kwashe lakar, su fasa magudanar, su kawo ƙasar noma, kuma kai da ka san taswira sai ka yi mana amfani da sanin a karo na farko. Amma kafin nan akwai abin da ba ya jira. Baffa zai kama hanya ranar Asabar, ni na sa aka matso da tafiyar saboda jikin Malam Badamasi, shi dai na ce masa don ganin gonar gero ne. Zan ɗauki hoton shafukan nan in turo maka yau, don kada ka ce ba ta iso ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci a nan, ku can safiya ce, ka kira wayata. Zan sa ta a hannunsa in ja musu ƙofa shi da Mama. Ka gaya masa da bakinka, da Hausa, ba tare da kwana-kwana ba, ka kuma ce ni ce shaida. Kada ka aiko da komai, ba abin aike ba ne. In har aka kira la'asar wayar ba ta yi ƙara ba, zan durƙusa a gaban dardumarsa kafin ya ɗaga hannu in faɗa masa da kaina, da sunana zan fara, amma naka ma sai na kai. Ban sani ba ko zai yafe mana. Mai yiwuwa ya naɗe dardumarsa ya fita daga gidan nan bai sake waiwayarmu ba, kuma in ya yi haka bai zalunce mu ba.

Ka gaishe min da Fauziya da kyau, ka ce mata turaren wutar da ta nema yana nan na ajiye sai an sami mai zuwa. Ka shafa min kan Ikhlas da Bilya, ka riƙa yi musu Hausa a gida. Mama tana gaishe ku, ta san ina rubutun nan, ba ta ce in rage komai ba. Latifa da maigidanta Sirajuddeen suna gaisuwa, haka mutanen layinmu da 'yan masallaci masu tambayarka kullum. Baffa ma ya shigo ya tarar da ni ina rubutu, ya tambaya wa nake wa, na ce kai. Ya ce in gaishe ka gaisuwa ta musamman, in ce Allah ya yi maka albarka, in kuma gaya maka ya san da kai aka tambaya tun farko, kai da ka yi karatun ƙasa, da ba wanda ya taɓa masa fadama. Ya tsaya a kaina sai da ya ga na rubuta.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Yayarka,
Zinariya